Idon Tsoho da Lissafin Malamai: Daga Ibnul Haisam Zuwa Sahun Gaba

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ba mu ji da gani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Akwai wani dattijo a sahun gaba na masallacinmu nan Krofrom, ba zan kama sunansa ba. Shekara da shekaru, in an sallame Asuba shi ne farkon mai ɗauko Alƙur'ani a kan kanta, kuma ba ya tashi sai ya karanta hizbi biyu. Wajen azumin bara na lura ya daina. Ana sallamewa sai ya jawo carbi. Da na tambaye shi ya ce, "Liman, yanzu zikiri ya fi mini daɗi." Na yi shiru. Bayan kwana biyu muka haɗu a ƙofar gidansa, ba kowa, sai ya ce, "Liman, gaskiyar magana baƙaƙen ne suka guje mini. Tabarau na uku ke nan na saya a kasuwa. Da rana ina ɗan gani, amma da asuba kamar an barbaɗa wa takardar toka. Kuma ba na son yara su ga ina lalube."

Na gane abin da yake nufi, don ni ma na ɗanɗana. Ina ɗan shekara 45 wani ɗalibi ya kawo mini rubutunsa na fensir, na kasa tantance ha'un ya rubuta ko jimun. Duk mai karatun Larabci ya san tsakanin "rahim" da "rajim" ɗigo ɗaya ne tak. Sai da na miƙe hannu har iyakarsa kafin ɗigon ya fito, yara suna ta ƙus-ƙus.

Wannan abu da muke ɓoyewa kamar abin kunya, malamai sun yi fiye da shekara 1,000 suna bincikensa, har suka kai ga yi masa lissafi. Tarihin wannan lissafi nake so mu bi tare, don mu san wane ɓangare na raunin gani ne tsufa, wane ne cuta, kuma me ya hau kanmu game da kowanne.

Ido ne ke fitar da haske, ko haske ne ke shiga ido?

Mutanen Yunan sun rabu a kan wannan. Masu handasa, irin su Uƙlidus na Iskandariyya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da Batlimus a bayansa, suka ce wasu layuka ne ke fita daga ido a miƙe, su bazu, su taɓa abin da ake kallo. Da wannan suka iya lissafa dalilin da ya sa abu in ya yi nisa yake ƙanƙancewa. Likitoci kuma, shugabansu Jalinus, sun san naman ido da jijiyoyinsa, amma ba ruwansu da lissafi.

Da aka fassara littattafansu zuwa Larabci a Bagadaza, Musulmi suka gaji wannan saɓani. Hunainu bn Is'haƙ, Kirista ne masanin fassara da ya rasu a 873, ya rubuta littafi mai maƙala goma a kan ido. Al-Kindi ya goyi bayan masu cewa ido ne ke fitar da haske. A 984 wani masani a Bagadaza, Ibnu Sahal, ya gano ƙa'idar yadda haske ke karyewa in ya shiga gilashi. Ilimi yana nan, amma a warwatse: mai lissafi bai san nama ba, mai nama bai san lissafi ba.

Wanda ya haɗa su shi ne Al-Hasan bn al-Haisam. An haife shi a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. An ruwaito cewa sarkin Masar na lokacin, Al-Hakim, ya kira shi don ya tsare ambaliyar kogin Nilu. Da ya je ya ga wurin ya gane aikin ba zai yiwu ba, sai ya yi kamar ya taɓu don ya tsira da ransa, aka tsare shi a gida. Babban littafinsa shi ne Kitabul Manazir, maƙala bakwai. A ciki ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke tasowa daga kowane ɗigo na abin da ake kallo, ya bi layi miƙaƙƙe, ya shiga ido. Hujjarsa ko yaro ya gane ta: in ka kalli rana ido yana ciwo, kuma in ka kau da kai siffarta tana nan a idonka na ɗan lokaci. Abin da ke shigowa ne ke yin haka.

Abu biyu a littafin nan su suka fi shafar maganarmu. Na farko, ya lissafa sharuɗɗa 8 da gani ba ya inganta sai da su: nisa madaidaici, fuskantar abin, isasshen haske, girman abin, kaurinsa yadda haske ba ya ratsa shi duka, tsabtar iskar da ke tsakani, isasshen lokaci, da lafiyar ido. Ya ce kowanne yana da iyakar daidaito, in ya fita daga ita sai gani ya yi kuskure. Ɗalibai, ku lura da tsarin: kamar sharuɗɗan salla ne a littafin Ahalari, in ɗaya ya faɗi sauran ba su wadatarwa. Ku riƙe uku daga ciki, nisa da haske da lokaci, don su ne tsufa ke taɓawa.

Na biyu, ya ce gani ba a ido yake ƙarewa ba. Ido yana karɓar haske da launi ne kawai. Sanin cewa wannan fuskar wane ce, wannan kalma kaza ce, hukunci ne da ake yankewa a ƙwaƙwalwa, ta hanyar kwatanta abin da ya shigo da abin da aka taɓa gani. Ya raba gani biyu: na farat ɗaya, da na tsayawa a lura. Har ya ba da misali da mai karatu, cewa ƙwararre yakan gane kalmar da ya saba da ita ba tare da ya bi baƙaƙenta ɗaya-ɗaya ba.

Wannan ne sirrin da ya sa mahaddata suke daɗewa ba su san idonsu ya yi rauni ba. Gardi ya ga farkon aya, hadda ta cika masa sauran, yana zaton idonsa ne ya karanta. Ba ya farga sai ranar da aka ba shi sabon littafi, ko takardar magani, ko ya zo tura momo ya kasa raba 3 da 8.

Yadda tabarau ya zo

Kada mu yi ƙari a kan gaskiya: Ibnul Haisam bai ƙera tabarau ba. Ya dai ambaci cewa guntun gilashi mai ƙundu yana girmama abin da ke bayansa. Kuma ya yi kuskure a wuri guda, don ya ɗauka madubin cikin ido, wanda Larabawa suka kira al-jalidiyya saboda kama da ƙanƙara, shi ne ke jin haske.

Wajen 1200 aka mayar da littafinsa zuwa Latin, malaman Turai suka duƙufa a kansa. Tabarau ya bayyana a Italiya wajen 1286. An san haka ne saboda a 1306 wani mai wa'azi a birnin Fulorans ya faɗa a kan mumbari cewa ba a kai shekara 20 da gano wannan sana'a ba. Na farkon duk na tsofaffi ne masu karatu. Kafin wannan, malami ko magatakarda in ya haura 50 sai dai a karanta masa.

Ga wani abin sha'awa. A 1466 fadar sarkin Milan ta aika Fulorans a sayo mata tabarau 200, kuma a takardar an jera su ne bisa shekarun mai sawa, biyar-biyar, daga 30 zuwa 70. Ka ga tun lokacin maƙeran gilashi sun gane cewa raunin nan yana tafiya da shekaru a kan tsari, ko da ba su san dalili ba. Tabarau ya shiga ƙasashen Musulmi ma. Abdurrahman Jami na Herat, mai sharhin Kafiya a nahawu, wanda ya rasu a 1492, ya ambaci a waƙarsa cewa da tsufa ya zo masa da gilashin Turawa yake karatu. Malami ne babba, bai ga abin kunya a ciki ba.

A 1604 wani Bajamushe, Kefla, yana gini a kan aikin Ibnul Haisam, ya gyara kuskuren nan. Ya nuna cewa madubin ido aikinsa tattara haske ne, hoton kuma yana sauka a kife a kan wani tantani a bayan ido, wanda ake kira ash-shabakiyya don ya yi kama da taru. Daga nan aka fahimci abin da tabarau ke yi: yana taya madubin ido tattara haske ne.

A namu ɓangaren

Kakanninmu ba baƙin hisabi ba ne. Muhammadu bn Muhammad al-Katsinawi ya shahara da lissafi har Masar, a can ya rasu a 1741. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki a Sakkwato daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da littafi na musamman a kan ciwon ido. Baturen nan Kilafaton, a zuwansa na biyu, ya kawo masa littafin Uƙlidus da Larabci, Bello ya gaya masa suna da shi a gidansu, an kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Shi dai Kilafaton ya rubuta cewa a 1824 ya tarar da makanta ta yi yawa a Kano, har makafi suna da unguwarsu a cikin ganuwa.

Su kuwa marubutan Alƙur'ani na ƙasar Hausa da Barno, waɗanda fataken goro suka zo da rubutunsu Salaga da Kumasi, sun yi wa idon tsoho gata ko da ba da niyya ba. Duba tsohon kundi in akwai a gidanku: baƙi mai kauri, tawada baƙa wuluk, layuka a sake, wasula da ja. Dattijo yana iya jan wannan a hasken fitilar aci-bal-bal. Mu kuma muka koma ƙananan bugu masu siririn baƙi, yanzu har a waya, sannan muna mamakin tsofaffinmu sun rage karatu.

Lissafin nisa

A ƙarni na 19 aka gano yadda ido ke sauya kallo daga nesa zuwa kusa. A 1801 Tomas Yang na Ingila ya nuna madubin ido ne ke sauya siffa. A 1855 Helmholz na Jamus ya bayyana yadda wata 'yar tsoka ke sassauta zarurrukan da ke riƙe da shi, sai ya dunƙule, ƙarfinsa ya ƙaru. A yaro madubin nan laushi gare shi. Amma yana ƙara sabon ɓawo a kan tsoho muddin rai, ba ya zubar da komai, don haka kullum tauri yake ƙarawa.

Wani likita a birnin Utirek na Holan, Dondas, shi ya fara auna mutane masu shekaru daban-daban ya zana abin a jadawali, ya buga a 1864. Abin da ya gano ya ba mutane mamaki: raguwar nan ba a 40 take farawa ba, tun mutum yana yaro take tafiya a hankali. Abokin aikinsa Sinelan, a 1862, shi ya ƙirƙiro allon nan mai manyan baƙaƙe a sama da ƙanana a ƙasa da ake sa mu karantawa a asibiti. A 1875 likitocin ido suka amince da ma'auni guda na ƙarfin gilashi, wato dayofta, shi ne lambar nan +1.50 ko +2.00 da kake gani a jikin tabarau. Daga baya Duwen na Amurka ya auna idanu dubbai, sannan a 1950 Hofsteta ya taƙaita duka a ƙa'ida ɗaya da ɗan aji shida zai iya bi.

Ɗalibai, ku ɗauko alƙalami. Ka ninka shekarun mutum da 0.3, ka cire daga 18.5. Abin da ya rage shi ne matsakaicin ƙarfin da idonsa ke iya ƙarawa don kallon kusa. Ka raba 100 da wannan, sai ka samu mafi kusan wurin da yake gani sarai, da santimita.

Ɗan shekara 10: saura 15.5, yana gani a santimita 6 da rabi, har ya kusa taɓa hancinsa da allo.
Ɗan shekara 40: saura 6.5, santimita 15.
Ɗan shekara 50: saura 3.5, santimita 29.
Ɗan shekara 55: saura 2, santimita 50.
Ɗan shekara 60: saura 0.5, mita 2.

To, mutum yakan riƙe littafi a wajen santimita 40, wannan yana buƙatar dayofta 2.5. Masana ido sun ce ba a jimre dogon karatu sai in rabin ƙarfi ake kashewa, rabi yana ajiye. Ke nan ana buƙatar 5. A wace shekara ƙarfin ke sauka zuwa 5? Ku lissafa: 45. Daidai shekarar da ha'un da jimun suka rikice mini. Da na fara yin wannan lissafi dariya na yi, na ce ashe abin da na ɗauka asirina ne an rubuta shi a jadawali tun kakana bai zo duniya ba.

Shi ya sa kuma miƙe hannu ba ya raba gardama. In ka ninka nisan littafi, baƙi ya daina haɗewa, amma girmansa a ido ya koma rabi. Ka tsere wa hazo ka faɗa ƙanƙanta.

Wannan ƙa'ida matsakaici ce. Wani yakan riga, wani ya jinkirta, kuma bincike ya nuna mutanen ƙasashe masu zafi irin tamu sukan buƙaci tabarau da ɗan wuri.

Lissafin haske da na lokaci

Sharaɗi na biyu haske. Baƙin ɗigon nan na tsakiyar ido ƙofa ce, kuma tana tsukewa da tsufa. A ɗauka faɗinta a wurin saurayi milimita 6 ne, a wurin tsoho 4. Hasken da ke shiga ba 6 da 4 ba ne, 6 sau 6 ne da 4 sau 4, wato 36 da 16. Ya gaza rabi ke nan. Ga shi madubin ido yana komawa ruwan ɗorawa yana shanye wani kaso. Wani masani a Landan, Robat Wil, ya ƙiyasta a shekarun 1960 cewa hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 wajen kashi ɗaya cikin uku ne na abin da ke isa na ɗan 20. Ma'ana, ƙwan lantarki ɗaya da ya ishi ɗalibi, kakansa uku yake buƙata. Haka nan idon tsoho ya fi daɗewa kafin ya saba da duhu. In ka ga dattijo ya shigo daga ranar Azahar ya tsaya a bakin ƙofa, kada ka ture shi, jira yake idonsa ya buɗe.

Sharaɗi na uku lokaci, kuma nan ne maganar ta bar ido ta koma ƙwaƙwalwa, inda Ibnul Haisam ya ce hukunci yake. A ƙarshen shekarun 1980 wasu masana mata biyu a Amurka, Kalin Bol da Sintiya Osli, suka yi aiki a kan auna faɗin filin da mutum ke iya lura da shi a ƙiftawa ɗaya ba tare da ya juya ido ba. Suka tarar wannan fili yana tsukewa a wurin tsofaffi da yawa, musamman in hankali ya rabu biyu, ko da mutum yana karanta allon asibiti sarai. A binciken da aka buga a 1998, an bi direbobi tsofaffi kusan 300 har shekara 3, aka ga waɗanda filinsu ya ragu da kashi 40 cikin 100 ko fiye sun ninka sauran haɗari fiye da sau biyu. Wannan magana ce gare ku 'yan'uwanmu direbobin tashar Krofrom, masu kwana a hanyar Bolga da Bawku. Ganin lambar motar gabanka daban, ganin ɗan babur da ya ɓullo ta gefe kana duba madubi daban.

Amma ba duk jinkiri ne rauni ba. A 1978 wani masani, Roja Ratkilif, ya tsara lissafin yadda ƙwaƙwalwa ke yanke hukunci a kan abin da ido ya kawo. Ku ɗauke ta kamar alƙali. Shaidu suna shigowa kaɗan-kaɗan, wasu na cewa jimun ce, wasu na cewa ha'un ce, ba ya hukunci sai ɓangare ɗaya ya rinjaya zuwa wani haddi. Lissafin ya raba jinkiri uku: ingancin shaidun, yawan shaidar da alƙali ke nema, da lokacin da manzo ke ci wajen kai saƙo da dawowa. Daga 2001 shi da abokan aikinsa suka gwada matasa da tsofaffi. A gwaje-gwaje da yawa suka ga ingancin shaida a wurin tsoho bai faɗi sosai ba. Abin da ya sauya shi ne manzonsa ya rage sauri, kuma alƙalinsa ya fi neman tabbaci kafin ya yi magana. Sai dai a wajen tantance baƙaƙe masu kama da juna, nan kam shaidar kanta ta yi rauni.

Ku duba hikimar da ke ciki. Wani kaso na nawar dattijo taka-tsantsan ne, irin ganin lura da Ibnul Haisam ya ambata. Saurayi ya fi saurin amsa, ba lallai ya fi daidai ba. Saboda haka ɗalibin da ke yi wa malaminsa dariya don ya tsaya a kan kalma, jahilcinsa yake nunawa.

Inda lissafi ya tsaya

Ya zo a hadisin Usama bn Sharik, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani, ya bayyana cewa kowace cuta tana da magani ban da tsufa. Duk abin da muka lissafa a sama tsufa ne. Ba ya warkewa, amma ana tallafa masa da gilashi da haske da haƙuri. Haɗarin shi ne mu jingina wa tsufa abin da cuta ne.

Ta farko yanar ido, wato madubin ya yi gajimare. Likitocin Larabawa sun kira ta saukar ruwa. Wajen shekara ta 1000 Ammar al-Mausili a Masar ya ƙera allura mai rami yana zuƙe ta. Amma hanyar da ta fi yaɗuwa, har a ƙasashenmu zuwa yau, ita ce a soka allura a tura madubin can cikin ido. Wannan ta makantar da mutane da yawa, ku guje ta. Abin da ake yi yanzu yana da alaƙa da ƙasarmu. Wani likitan Ingila, Harold Ridli, an turo shi nan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, har ya je Funsi a arewa ya binciki makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa. Shi ne a 1949 a Landan ya fara sa madubin roba a cikin ido a madadin wanda ya lalace. Yau aikin ɗan lokaci ne, kuma ƙarfin madubin da za a sa maka da lissafi ake fitar da shi, bayan an auna tsawon idonka.

Ta biyu ta fi sharri, ita ce gilakoma, wadda ake ce wa hawan jinin ido. Ba ta ciwo a farko. Daga gefe take ci, ƙwaƙwalwa kuma tana cike gurbin kamar yadda hadda ke cika aya, mutum bai sani ba sai ya rage kamar mai leƙe ta bututu. Abin da ta ci ba ya dawowa, amma in an kama ta da wuri ana tsayar da ita. A binciken da aka yi a Tema tsakanin 2006 da 2008, an duba mutum sama da 5,000 'yan shekara 40 zuwa sama, aka samu fiye da 6 cikin 100 suna da ita, kuma kusan dukkansu ba su sani ba. In sahu biyu na manya a Juma'a mutum 100 ne, ku lissafa da kanku. Tabarau na tebur a kasuwa zai iya gyara maka karatu, amma mai teburin ba ya auna matsin ido.

Abin da ya hau kanmu

Mun san makanta ba aibi ba ce. Saboda Ibnu Ummi Maktum Suratu Abasa ta sauka. Ibnu Abbas da Imamu Tirmizi duk sun rasa gani a ƙarshen rayuwa, kuma Bukhari ya ruwaito alkawarin Aljanna ga wanda ya yi haƙuri da rashin idanunsa. Sai dai haƙuri a kan abin da ba makawa ne. Barin abin da ke da magani saboda kunya ba shi ne haƙuri ba.

Don haka duk wanda ya kai 40, namiji ko mace, ya je a duba idonsa har da matsinsa, balle mai ciwon suga ko wanda akwai makanta a danginsu. Ga sashen ido a asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Jii, ga kuma masu koyon aikin auna ido a Tek. Iyayenmu mata kada a bar su baya. Su ne ke tsince shinkafa da zura allura, kuma su suka fi yin shiru.

Kwamitin masallaci, a ƙara haske a sahun gaba da ɓangaren mata, a tanadi fitilar caji saboda dumso, a sa Alƙur'anai masu manyan baƙi a ƙasan kanta inda hannu ke kaiwa. Mai neman sadaka mai gudana, ga ƙofa. Malamai, a rubuta allo da kauri. Ɗalibai kuma, kun ga masu nahawu da fiƙihu da masu hisabi gida ɗaya suka fito. Kada wani ya ce muku lissafi karatun wasu ne.

Shi kuwa dattijon namu, da ƙyar ya yarda ɗansa ya kai shi. Aka tarar yana ce a ido biyu, matsin kuma lafiya lau. An yi masa ɗaya, ana jiran ɗayan. Makon jiya bayan Asuba na ji muryarsa a Suratu Maryam, a hankali, yana tsayawa a kan kowace kalma. Da ya rufe ya kalle ni ya ce, "Liman, ashe bangon nan fari ne? Ni na ɗauka kun yi masa fenti ruwan ƙasa."

Allah Ya jiyar da mu daɗin jinmu da ganinmu muddin ranmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan malamanmu da iyayenmu. Allah ne Mafi sani.